Laso ne ya ɓace, ko masu yinsa ne suka ƙare? Tambaya kan tsofaffin sana'o'in birnin Kano

Ɗan Jakara:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambayata ga dattawanmu ce, da duk wanda ya san cikin birnin Kano kafin siminti da kwano su mamaye shi.

Idan ka bi sunayen unguwanni sai ka ga da yawansu sana'a ce: Dukawa, Lokon Maƙera, 'Yan Tandu, Soron Ɗinki, Karofin Zage. Sunayen suna nan, amma yaron da aka haifa a wasu daga cikinsu bai taɓa ganin aikin da ya ba unguwarsu suna ba. Abin da nake nema shi ne bayanin aikin kansa, ba kirari ba. Yaya ake haɗa rijiyar rini tun daga farko? Mene ne laso, kuma me ya sa yau mai tsohon soro zai zagaye gari bai samu wanda zai shafe masa rufi da shi ba? Sannan badala: ta yaya ginin ƙasa ya tsaya ɗaruruwan shekaru, amma ya narke a cikin 'yan shekarun nan? Wanda ya san labarin dalar gyaɗa ma ya taimaka mana. Allah ya saka da alheri.

Jikan Karofi:

Wa alaikumus salam, Malam Ɗan Jakara. Bari in fara da rijiyar, domin amsar tambayarka ta biyu a gindinta take kwance.

Rijiyar rini rami ne mai ƙuntataccen baki, faɗinsa bai cika kai mita ɗaya ba, zurfinsa kuwa daga mita biyu da rabi zuwa sama, wasu har ninkin haka. Wadda take da faɗin santimita 90 da zurfin mita 3 tana cin ruwa kusan lita 1,900, wato duro tara da rabi. Ba don ƙarancin fili aka matse bakin ba. Iska ce babbar abokiyar gabar baba a cikin ruwa, saboda haka ake rage wurin da za ta taɓa shi. Zurfin yana riƙe ɗumi dare da rana, kuma yana nisanta laka daga kayan da ake tsomawa. Ana shafe cikin ramin da laso tun daga ƙasa har baki, ya bushe sarai, kafin a zuba ruwa.

Baba kuma shuka ce ta damina. Ana yanke shi idan ya fara fure, lokacin da ganyen ya fi ƙarfi, a sassare, a tsiba shi ya ɗauki zafi, sannan a shanya a adana. Ranar haɗi sai a cika rijiya da ruwa, a zuba busasshen baba kwando-kwando, da tokar itace ko ta kara, da ƙonannen katsi na tsohon rini, da kanwa, wadda ita ce mafi ƙaranci a cikinsu. Marini ba ya awo da sikeli. Yatsa yake sa wa ya ji santsin ruwan, ya ɗan taɓa a harshe ya ji kaifinsa. A rufe bakin da murfin ciyawa mai tsini. Bayan kamar kwana uku karmamin zai taso sama, a tsame shi, daga nan kuma kullum safe da yamma a sa dogon sanda a motso daga ƙasa. A bazara haɗin yakan nuna cikin mako ɗaya ko biyu. Da hunturu yakan ja har mako uku ko huɗu, domin ƙananan halittun da ke ruɓar da baban, waɗanda ido ba ya gani, ba sa aiki sosai cikin sanyi.

Alamar nuna ba ta ɓuya. Kumfa mai shuɗi-shuɗi da ƙyalli kamar jan ƙarfe za ta taru a sama, amma idan ka kau da ita ruwan da ke ƙasa kore ne mai ratsin rawaya. In ruwan shuɗi ne, to bai nuna ba, ko kuma ya mutu. Wannan shi ne abin da baƙo ba ya ganewa: zane yana fitowa daga rijiya kore ne, a hannun marini yake komawa shuɗi idan iska ta buge shi. Don haka rini ba jiƙo ba ne. Tsomawa ce ta kamar minti ɗaya, ana murza kayan a ƙarƙashin ruwa, a ɗaga, a matse, a buɗe ya sha iska, a sake mayarwa. Shuɗi mai haske yana samuwa cikin awa ɗaya ko ƙasa da haka. Baƙi wuluk irin na rawani yana cin awanni, wani lokaci a kwana a sake komawa.

Inda ake ɓata aiki kuwa sananne ne. Wanda ya bar zane ya daɗe a ciki don ya huta da ɗagawa, launin zai kwanta a bayan zaren ne kawai, wanki ɗaya ya zube. Yadin da ba a wanke sitacinsa ba yakan fito dabbare-dabbare. Wanda ya kai ƙasa ya taɓo laka yakan fito da tabo. Motsawa da ƙarfi har ruwa yana fantsama tana cusa iska, baban ya koma ƙasa ya kwanta. Idan toka da kanwa suka yi yawa haɗin ba zai tashi ba. Idan suka gaza sai ya yi tsami, warinsa ya canza zuwa na ruɓa, kuma marina sun san ruwa ba ya tsami banza, sai a ƙara toka kaɗan-kaɗan ana jira. Ruwan sama ma in ya shiga yana sirka shi ya sanyaya shi, shi ne amfanin murfin nan.

Rijiya ɗaya tana aiki wata da watanni ana yi mata ƙari. Ranar da ta mutu sai a kwashe ruwan, a shiga a kwaso lakar da ta taru a ƙasa, wato toka da ragowar baba. Ita ce katsi. A cura ta, a shanya, a jera da itace a ƙone, a daka. Wani kaso ya koma sabon haɗi, saura kuma magina su saya. Ka ga kenan laso ɗan rijiya ne.

Kada a manta da mabuga. Baƙin zane da ya fito daga karofi ba shi da ƙyalli. Sai an yayyafa masa ruwa, an barbaɗa garin shuni, an ɗora a kan gungumen itace, mutane sun zauna suna fuskantar juna suna dukansa da manyan guduma na itace, yana naɗuwa ana juyawa, har ya riƙa walƙiya. Garin Kura da ke kudu da birni shi ya yi fice a wannan, shi ya sa ake cewa rawani ɗan Kura, kuma turkuɗin da Buzaye ke naɗawa daga wannan yanki yake fita. Bature Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya ƙiyasta tufafin da ake fitarwa daga ƙasar Kano a shekara sun kai na wuri miliyan 300 aƙalla. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da 1498 a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ita ce ta fi fice cikin waɗanda suka rage, kuma ko a can rijiyoyin da ke aiki ba su kai waɗanda suka cike da ƙasa ba. Tun da kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin masana'anta a 1897 aka fara gasar da baba ba zai iya ci ba: abin da rijiya ke yi a mako uku, galura da sinadari suna yinsa a duro cikin yini ɗaya. Sai dai duro ba ya haifar da katsi.

Mai Kartaji:

Allah ya ƙara sani, Baba Jikan Karofi. Katsi kaɗai ba ya zama laso, sai da gashi, gashin kuma daga majema yake fitowa. Ga yadda fatar akuya ke bi kafin ta isa hannun baduku.

Busasshiyar fata ana fara jiƙa ta ne ta kwana ta yi laushi. Daga nan ta shiga ruwan toka mai kaifi, wasu su haɗa da farar ƙasa, kwana biyu zuwa uku, har in ka murza da yatsa gashin ya biyo ka. A shimfiɗa ta a kan gungume a sa kartaji, wuƙar nan mai mariƙi biyu, a tuje gashin, a juya a kankare ragowar nama da kitse. Gashin ba a zubar da shi, wankewa ake yi a shanya. Tarkacen fatar ma yana da masu jiransa: 'yan tandu suna sarrafa irinsa su lulluɓe shi a jikin curin yumɓu, idan ya bushe su farfasa yumɓun su zazzage, sai ga tandun kwalli ko na mai.

Matakin da ya fi wari shi ne ya fi muhimmanci. Fatar da ta fito daga toka a kumbure take, in aka jeme ta haka za ta yi tauri ta riƙa karyewa. Sai an sa ta a ruwan kashin kaji ko na tattabara, ko na ganyen fataka, ta saki. Awanni ne, ba kwanaki ba, kuma da zafi ya fi sauri. Gwajinsa shi ne ka danna babban yatsa, in shaidar ta zauna to ta yi. Wanda ya manta da ita a ciki zai tarar fuskar fatar ta saɓule, ba kuma gyara.

Sai bagaruwa. Ana daka busassun 'ya'yanta, a fitar da ƙwallon, a jiƙa garin. Ƙa'idar da ba a tsallakewa ita ce fata ta fara shiga tsohon ruwan da ya yi rauni, sannan a matsa da ita zuwa sabo mai ƙarfi. Idan aka fara da mai ƙarfi, bayanta zai jemu ya toshe, cikin ya zauna ɗanye, bayan wata biyu ta fara wari a hannun mai saye. Fatar akuya tana jemuwa cikin kwana biyu zuwa uku idan ana murza ta ana juyawa. A yanki gefen wuya, inda ta fi kauri, a duba: in akwai farin layi a tsakiya, da saura. Kuma a tukunyar ƙasa ko rami ake yi, domin bagaruwa in ta haɗu da ƙarfe baƙi take yi, ƙusa ɗaya mai tsatsa tana iya ɓata fatu goma. Bayan nan a wanke, a shafa man gyaɗa, a shanya a inuwa, a yi ta ja ana murzawa har ta yi laushi.

Wannan baƙin da ake gudu shi ne kuma ake nema wajen launi. Kuloko ba komai ba ne illa kashin maƙera da aka jiƙa da ruwa da ɗan abin zaƙi ya kwana biyu ya yi tsami. Shafa shi a kan jemammiyar fata, nan take ta koma baƙa. Ja daga karan dafi ne da ruwan kanwa, a bi shi da ruwan tsamiya ko lemon tsami ya washe. Rawaya daga saiwar rawaya ko gangamau. Wannan jar fatar akuyar, musamman ta jar akuyar Sakkwato, ita ce fatake suka riƙa haurawa da ita Sahara, Turawa suna saye a hannun mutanen Maroko suna kiranta fatar Maroko.

Jima ba ta mutu ba, har yanzu ana yi a wajen Ƙofar Wambai. Amma fata mai kyau manyan kamfanonin jima na Sharaɗa da Challawa ke kwashewa, su kuma sinadarin da suke cire gashi da shi narkar da gashin yake yi, ya bi ruwa ya tafi.

Ɗan Jakara:

Na gode ƙwarai, iyayena. Ashe abin sarƙa ce: maƙeri ya ba majemi, majemi da marini su ba magini. To saura haɗin lason kansa, da maganar badala.

Tubali da Azara:

Malam Ɗan Jakara, kafin laso bari in gyara wani abu a tambayarka. Badala ba ta tsaya ɗaruruwan shekaru da kanta ba. Ginin ƙasa ba ya tsayawa, tsayar da shi ake yi duk shekara. An fara ta a zamanin Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, aka faɗaɗa a zamanin Rumfa, aka sake faɗaɗawa a ƙarni na 17. Duk tsawon wannan lokaci, idan damina ta wuce ana fitar da jama'a aikin gayya, kowane ɓangare da inda zai yaɓe, kowace ƙofa da Sarkin Ƙofarta da ke rufe ta da dare. Da Turawa suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, shugabansu Lugga ya bayyana tsayinta da ƙafa 30 zuwa 50, kaurin gindinta kuma wajen ƙafa 40. Daga ranar da ta daina tsare gari daga yaƙi, gayyar ta tsaya. Ruwa ya fara cin ta daga sama, masu gini suka riƙa ɗibar ƙasarta daga gindi, tituna suka huda ta, daga baya aka yanka filaye a kanta. Ƙofofi irin su Nasarawa, Na'isa, Ɗan'agundi da Kabuga, waɗanda ake gani yau mafi yawansu sabon gini ne da aka faɗaɗa don mota. Mai son ganin tsofaffin ƙyamaren da aka lulluɓe da ƙarfe ya je Gidan Makama.

Laso kuwa abu uku ne: garin ƙonannen katsi, gashin jima, da ruwan dafara. Dafara wata tsiro ce mai yaɗo, ana daka saiwarta a jiƙa, ta ba da ruwa mai yauƙi kamar na kuɓewa. Da wannan ruwan ake kwaɓa katsin, ba da ruwa zalla ba. Gashin ana tsefe shi a barbaɗa kaɗan-kaɗan ana cuɗawa, don in ya dunƙule wuri ɗaya nan ne zai fara tsagewa. Ba a kwaɓawa a shafa a ranar. Ana rufe shi ya kwana da yawa ana sake cuɗa shi, har ya kama hannu ya riƙa jan zare. Katsi shi ne jiki, dafara ce ke hana ruwa shiga, gashi kuma ke riƙe shi kada ya tsage idan rana ta buga.

Wajen shafawa, a share rufin, a cike ramuka da ƙasa, a bari ya bushe, a ɗan yayyafa ruwa, sannan a shafa da tafin hannu, siriri, ba mai kauri ba. Idan na farko ya sha iska a bi da na biyu, a goge da dutse mai santsi. Kauri ɗaya mai yawa yana tsagewa. Shafawa da tsakar rana a kan busasshiyar ƙasa tana sa ya ɓamɓare. Inda ya fi buƙatar kulawa shi ne bakin indararo da gindin rawani, wato ɗan bangon da ke kewaye rufin, domin kusan duk yoyon soro daga nan yake farawa. Mai kyau yakan yi shekara biyar zuwa shida kafin a sabunta. Wanda ba shi da halin laso yana yin makuba, wato ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa a kwaɓa ƙasa da ruwansa. Tana da kyau a bango, amma ba ta kai laso daɗewa ba.

Shi rufin kansa a kan azara yake, wato giginya da aka tsaga. Gara ba ta cika cin ta ba, amma tana da iyaka: fiye da ƙafa shida ba tare da tallafi ba, sai ta lanƙwashe ƙarƙashin nauyin ƙasa. Shi ya sa tsofaffin ɗakuna suke da ƙunci. Mai son faɗi sai a yi masa tauyi, a fito da azara daga bango hawa-hawa, ko a ɗaure baka. Bakan gizo da ɗaurin guga su ne ƙarshen gwaninta, kuma wanda ya shiga tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, ya ga iyakar abin da ƙasa da azara za su iya ɗauka.

Kuskuren da ya fi kashe tsofaffin gidaje a yau shi ne yaɓen siminti a kan bangon tubali. Siminti da ƙasa ba sa miƙewa tare idan zafi ya zo. Sai siminti ya yi 'yar tsaga, ruwa ya shiga, ya rasa hanyar fita, ƙasar ta jiƙe a ɓoye. Mai gida yana ganin bango lafiya lau, ran nan cikin Agusta sai ɓangare guda ya zube. Na biyu shi ne cike kududdufai. Daga cikinsu aka haƙi ƙasar da aka gina unguwanni, su ne kuma suke karɓar ruwan unguwar da damina. An cike su an yi gini, titi ya fi daɓen gida tudu, ruwa ya koma kwanciya a gindin bango, wanda shi ne wurin da ginin ƙasa ba ya jurewa.

Inna Mai Mazari:

Sannunku da ƙoƙari, malamai. Kun yi maganar rini kamar zanen daga sama yake faɗowa. Kafin marini akwai masaƙi, kafin masaƙi kuma akwai mace a cikin gida, ita ce ba ta da unguwa mai sunanta.

Auduga sai an gurje ta a kan dutse da ɗan sandan ƙarfe an fitar da angurya, a shiɓe ta da baka ta tashi, a naɗe a kara, sannan a kaɗa da mazari, ana shafa alli a yatsu don kada su yi santsi. Zare iri biyu ne, kuma ba a haɗa su. Na tsaye siriri ne mai murɗi sosai, domin shi ke shan ja a masaƙa. Abawa kuwa kauri gare ta da sassauci, ita ake sa wa a ƙoshiya. In murɗin na tsaye ya gaza, yana tsinkewa duk taku, masaƙi ya yini yana ƙulli. In ya yi yawa sai ya riƙa ƙanƙancewa yana harɗewa tun wajen wadari. Masaƙi yana zaune, ƙafafunsa a kan matakai, zaren ya miƙe gabansa an ɗaure a jikin dutsen da ake kira kunkuru, yana jawo shi a hankali yayin da saƙar ke ci. Ƙyallen da ke fita bai wuce faɗin tafin hannu ba, na turkuɗi ma bai kai faɗin yatsa biyu ba, sai an jera da yawa an ɗinke kafin a samu zane ɗaya. Saƙi, da barage, da tsamiya, duk haka ake haɗa su.

Masaƙi ɗaya yana cinye zaren mata da yawa, don haka kaɗi ya kasance kuɗin hannun mace, da shi take tara kayan ɗakin 'yarta ba tare da ta taka ƙofar gida ba. Zaren masana'anta ne ya fara kashe shi, tun kafin saƙar kanta ta ja baya, kuma da masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957 yadi ya yi arahar da ba mai mazarin da za ta iya bi. Duk wanda zai rubuta tarihin nan, don Allah ya sa da su.

Tsohon Akawu:

Gaskiyarki, Inna. Game da dalar gyaɗa, Malam Ɗan Jakara, mutane suna ɗaukarta alamar arziki kawai. Arzikin gaskiya ne, amma dalar kanta layin jiran jirgi ce. Dogo ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe daga 1912, fatake irin su Alhasan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, suka shiga saye wa kamfanonin Turawa. Gyaɗa tana shigowa gaba ɗaya cikin 'yan watannin kaka, layin dogo kuwa guda ɗaya ne zuwa Ikko, tafiyar fiye da kilomita 1,000, taragu ba su isa ba, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Abin da jirgi bai kwashe ba dole a tara shi a fili, wani har ya kai kaka ta gaba. An yi su a wajen Ƙofar Mazugal da wasu filaye kusa da dogo, da garuruwa irin su Malam Madori.

Tsarinta aiki ne na lissafi. Ana daɓe wuri mai tudu mai kusurwa huɗu, a jera buhunan farko, kowane hawa a shigo da shi ciki kaɗan, ana sarƙa buhu a kan gaɓar na ƙasa kamar jeren bulo don kada ta zame. 'Yan dako suna hawa da buhu a ka, suna taka buhunan kansu a matsayin matakala. Babba tana ɗaukar buhu har 15,000. Siffar tana sa ruwa ya gangare idan an lulluɓe da tamfol, kuma tana sauƙaƙa ƙidaya.

Abin da ke ɓata ta uku ne. Gyaɗar da aka zuba a buhu ba ta gama bushewa ba tana yin zufa a ƙarƙashin tamfol ta yi fumfuna, kuma tun daga 1960 aka gano fumfunar gyaɗa tana da guba, masu saye a Turai suka tsananta bincike. Sai ƙwari, waɗanda ke sa a rufe dala a yi mata hayaƙin magani. Sai ɓarewa a turmi, wadda ke farfasa ƙwaya, fasasshiya kuma ita ke saurin lalacewa, shi ya sa aka yaɗa injin ɓare na hannu a shekarun 1950. Ƙarshenta ya zo ne da farin farkon shekarun 1970, sai kuturun gyaɗa na 1975 wanda darɓa ke yaɗawa, ga kuɗin man fetur ya janye hankali daga noma, ga kamfanonin matse mai na cikin gida suna shanye abin da ya rage. Hukumomin cinikin amfanin gona da ke sayenta an rushe su a 1986. Kuma a lura, jirgin da ya kwashi gyaɗa shi ne ya dawo da kwano, da siminti, da galura, da yadin Ingila.

Ɗan Jakara:

Allah ya biya ku duka. Tambaya ta ƙarshe ga Baba Jikan Karofi da Malam Tubali: lakar da ke kwanciya a duron masu rinin galura za ta iya maye gurbin katsi?

Tubali da Azara:

Ba za ta yi ba. Ƙarfin katsi daga tokar itacen da ke cikinsa ne, ƙonawar kuma ita ke mai da shi kusa da farar ƙasa. Lakar duro ba ta da wannan tokar, sai sinadari mai cin hannu. Mai tsohon soro ya fara tambaya a Ƙofar Mata ko wajen marinan Kura ranar da za su kwashe rijiya, ya yi magana tun da wuri, domin kaɗan ne kuma su ma suna buƙatarsa. Gashi ya nema wajen masu jimar gargajiya, ya tabbatar an wanke masa toka. In katsin bai samu ba, farar ƙasa da aka jiƙa ta kwana da yawa, da yashi mai laushi, da gashi, sun fi siminti dacewa da ginin ƙasa nesa ba kusa ba, domin suna barin bango ya fitar da danshi. A yi aikin tsakanin Fabrairu da Afrilu, a bar shi ya bushe sosai kafin ruwan farko, sannan a hau a duba bakin kowane indararo bayan ruwa na biyu.